SHARHI: Yadda Kamfanin Magani Ya Rayu Shekaru 19 Babu Ciniki, Aka Saye Shi Dala Miliyan Dubu 10

A ranar 9 ga watan Yuli na shekarar 2025, babban kamfanin nan na haɗa magunguna na ƙasar Amurka, wato Merck, wanda a wajen Amurka da Kanada aka fi sani da MSD, ya bayar da sanarwar cewa zai sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Verona Pharma da ke da hedkwata a birnin Landan, a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan dubu 10, abin da a lissafin zamani ake kira biliyan 10. An kammala cinikin a watan Oktoba na shekarar. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a dube shi shi ne, magani ɗaya tak kamfanin na Verona yake da shi a kasuwa, kuma a ranar da aka yi sanarwar maganin bai cika shekara guda a hannun marasa lafiya ba. Kafin nan kuwa, tun daga kafa kamfanin a 2005 har zuwa watan Agusta na 2024, bai taɓa sayar wa wani majinyaci ko kwalba ɗaya ba.

Ɗan kasuwar da ya saba da saye da sayarwa, wanda ya san shagon da ya yi wata shida babu ciniki rufe shi ake yi, tilas ya yi tambaya: da me wannan kamfani ya yi ta biyan albashi har shekaru 19, su wa suka riƙa zuba masa kuɗi, kuma me suka hango? Tambayar tana da amfani a gare mu, domin a 'yan shekarun nan an samu dillalai a nan Nijeriya da ke ba mutum damar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka daga wayarsa ta hannu, kuma labari irin na Verona shi ne ke jan mutane su tsoma ƙafa a ruwan da ba su san zurfinsa ba.

Kamfanoni irin wannan ɗaruruwa ne a kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke birnin New York. Masu harkar suna kiran su kamfanoni masu matakin gwaji, watau waɗanda maganinsu ya fito daga ɗakin bincike har an fara jarraba shi a jikin mutane, amma hukuma ba ta ba da izinin sayar da shi ba tukuna. Galibinsu ba su da masana'anta, ba su da sito, ma'aikatansu kuma 'yan kaɗan ne, saboda haɗa maganin da gudanar da gwajin duk kwangila suke bayarwa. Dukiyarsu ita ce takardar haƙƙin mallakar wani sinadari, da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa, sai kuma abin da ya rage musu a banki. Misalinsu shi ne mai haƙar rijiya da ke neman a haɗa masa kuɗi. Duk gaba ɗaya da ya haƙa, idan ƙasa ta nuna damshi masu kuɗi sukan ƙara masa, idan kuwa ya ci karo da dutse to abin da aka kashe ya tafi, domin babu mai sayen ramin da babu ruwa.

Cutar da maganin

Cutar da kamfanin ya sa a gaba ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska na huhu. Hayaƙi ne ke haddasa ta a mafi yawan lokuta. Idan mutum ya shafe shekaru yana shaƙar hayaƙin taba, ko na itacen girki a ɗakin da iska ba ta shiga, ko ƙurar wurin aiki, sai ƙananan bututun da iska ke bi a cikin huhu su kumbura su ƙuntata, majina ta taru a ciki, 'yan jakunkunan da ke karɓar iskar kuma su lalace. Sai a ga mutum yana tari da kaki ba ƙaƙƙautawa, 'yar tafiya kaɗan ta sa shi haki, har ta kai sanya riga ma ya zame masa aiki. Mai asma yakan samu sauƙi sosai tsakanin tashin ciwo da wani, amma ɓarnar da COPD ta yi wa huhu ba ta gyaruwa. Iyakar abin da magani ke yi shi ne rage wahalar da hana ta ƙaruwa da sauri. Lokaci-lokaci kuma ciwon yakan taso da ƙarfi har a kwantar da mutum a asibiti, kuma wannan tasowa ita ta fi cin kuɗi, ita kuma ta fi kisa.

Bisa ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, kimanin kashi 5 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya, abin da ya sa ta zama ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa. Hukumar ta ce a ƙasashe masu arziki shan taba ne ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100 na masu cutar, amma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi rabon taba kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki a cikin gida kuma yana daga manyan dalilai. A Amurka kaɗai, manya kusan miliyan 16 ne likita ya tabbatar suna da ita.

Shekaru da dama magungunan shaƙa da ake ba masu wannan cuta ba su wuce gida uku ba: iri biyu masu buɗe hanyar iska, da kuma sitiroyid mai rage kumburi. Abin da manyan kamfanoni suka yi ta yi shi ne haɗa biyu ko duka ukun a cikin gwangwani ɗaya su fito da shi da sabon suna. Duk da haka, da yawa daga cikin waɗanda ke shan duka ukun numfashi bai daina yi musu wuya ba, kuma wannan giɓi ne Verona ya hango.

Sinadarin da kamfanin ya dogara da shi, wanda da farko aka san shi da lamba RPL554, daga baya aka raɗa masa suna ensifentrine, yana da asali mai nauyi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi shi ne Sir David Jack, ɗan yankin Sikotlan, tsohon shugaban sashen bincike na kamfanin Glaxo, mutumin da ƙarƙashin jagorancinsa aka samar da salbutamol, wato Ventolin ɗin nan da duk mai asma a ƙasar nan ya sani, wanda ya shiga kasuwa a 1969. Ya rasu a 2011, shekaru 13 kafin a ba sabon maganin izini. Farfesa Clive Page na King's College da ke Landan yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin domin ci gaba da aikin.

Yadda maganin ke aiki shi ne, yana danne wasu sinadarai biyu na cikin jiki da ake kira PDE3 da PDE4. Idan aka danne na farko, tsokar da ke zagaye da bututun iska takan saki, hanya ta buɗe. Idan aka danne na biyu, kumburi yakan ragu. Tunanin danne PDE4 ba sabo ba ne. Akwai ƙwayar roflumilast da Amurka ta amince da ita tun 2011, sai dai tana jawo wa mutane da yawa tashin zuciya da gudawa da rama, har wasu su daina sha. Dabarar Verona ita ce a aika maganin kai tsaye cikin huhu ta na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo, mai ciwo ya shaƙa sau biyu a rana, ta yadda abin da zai ratsa sauran jiki ba zai yi yawa ba.

Matakai uku, kowanne da kuɗinsa

Kafin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, wadda ita ce takwarar NAFDAC tamu, ta ba da izinin sayar da sabon magani, sai ya haye matakai uku na gwaji a jikin mutane. A na farko ana ba mutane kaɗan, yawanci masu lafiya da ba su kai ɗari ba, domin a ga ko yana cutarwa. A na biyu ana ba marasa lafiya 'yan ɗaruruwa domin a ga ko yana aiki da kuma adadin da ya dace. Na uku shi ne babba, inda akan ɗauki ɗaruruwa zuwa dubbai a asibitoci masu yawa, kuma shi ke cinye mafi yawan kuɗin. Mu a ƙasar nan ba sai an yi mana dogon bayani kan dalilin tsaurara dokokin gwaji ba, tunda ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya wadda sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar.

Akwai wani abu a tsarin gwajin da ya kamata mai zuba jari ya fahimta sosai. Ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin gaske, sauran kuma a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu sinadarin a ciki, ba tare da majinyacin ko likitansa ya san wanne ya samu ba. Tun kafin a fara, kamfani yakan rubuta ma'aunin da za a yi masa hukunci da shi, kuma ba shi da ikon sauya shi bayan ya ga sakamako. Shi kansa shugaban kamfanin bai san abin da ke ciki ba sai ranar da aka buɗe alƙaluma. Wannan ne ya sa farashin hannun jarin irin waɗannan kamfanoni kan yi watanni yana kwance, sa'an nan a safiya ɗaya ya ninka ko ya zube, tun kafin mai hannun jari ya samu damar sayarwa.

Wani bincike da ƙungiyar kamfanonin wannan fanni ta Amurka, BIO, ta fitar a 2021, wanda ya duba shekarun 2011 zuwa 2020, ya nuna cewa a cikin kowane magani 100 da suka shiga matakin farko, kimanin 8 ne kawai suka kai ga samun izini. Mataki na biyu shi ne maƙabartar magunguna, domin ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne ke haye shi, kuma tafiyar gaba ɗaya takan ɗauki kimanin shekaru goma da rabi. Game da abin da ake kashewa kuwa masana sun saɓa. Wata cibiya ta Jami'ar Tufts ta ƙiyasta dala miliyan 2,600 ga kowane maganin da ya yi nasara, a lissafin da ta fitar a 2014 wanda ya haɗa da asarar waɗanda suka faɗi da ribar da kuɗin zai kawo da an sa shi a wani wuri, yayin da wani binciken da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2020 ya sa matsakaicin abin a kusan dala miliyan 1,000. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi ne da banki ba ya rantawa kamfanin da ba shi da ciniki ba shi da jingina.

Inda kuɗin ya fito

Saboda haka hanya ɗaya ce ta rage, wato sayar da sababbin hannayen jari, kuma a nan ne labarin Verona ya fi koyar da darasi. Kamfanin ya shiga ƙaramar kasuwar hannun jari ta Landan da ake kira AIM a 2006, ya yi shekaru kusan goma yana lallaɓawa da ɗan abin da yake tarawa. A 2016 wasu manyan kamfanonin zuba jari da suka ƙware a harkar magani suka ba shi kimanin fam miliyan 45. A watan Afrilu na 2017 ya tsallaka zuwa Nasdaq, inda ya sayar da takardar jarinsa, wadda kowace ɗaya ke wakiltar hannun jari takwas, a kan dala 13.50, ya tara kusan dala miliyan 80.

A watan Janairu na 2019 aka samu tuntuɓe. Wani gajeren gwaji na kwana uku, wanda aka ɗora maganin a kan wasu magunguna biyu masu buɗe hanyar iska, bai kai ga ma'aunin da aka sa masa ba, farashin jarin ya faɗi. Bayan shekara guda wani gwajin mataki na biyu da aka yi da mutum fiye da 400 ya ba da sakamako mai kyau, amma kasuwa ba ta huce ba, ga shi kuma babu kuɗin shiga mataki na uku. A watan Fabrairu na 2020 aka naɗa sabon shugaba, David Zaccardelli, wanda bai daɗe da sayar da wani kamfanin magani da yake shugabanta ba. A watan Yuli na shekarar, ana tsakiyar annobar korona, ya samo dala miliyan 200 daga manyan masu zuba jari, amma a kan dala 4.50 kowace takarda, wato sulusin farashin da aka sayar wa mutane a 2017.

Ya kamata a tsaya a kan ma'anar wannan. Idan kamfani yana da hannun jari 100, kai kana da 10, to ushirin kamfanin naka ne. Idan aka buga sababbi 300 aka sayar wa wasu, goman taka tana nan, amma yanzu goma ce cikin 400, kashi biyu da rabi ke nan cikin ɗari. An ƙara wa kunu ruwa, kofinka bai canza ba. Kusan haka ne ya faru a Verona a 2020, domin sababbin hannayen jarin da aka fitar sun ninka waɗanda ake da su fiye da sau uku. Wanda ya saya a 2017 ya ga kashi biyu bisa uku na kuɗinsa sun narke a takarda, rabonsa a kamfanin kuma ya ragu ƙwarai. Idan ya yi haƙuri har 2025, lokacin da Merck ya biya dala 107 kan kowace takarda, kuɗinsa ya ninka kusan sau takwas a shekaru takwas. Wanda ya shigo a 2020 kuwa nasa ya ninka kusan sau 24 a shekaru biyar. Magani ɗaya ne, kamfani ɗaya, bambancin kawai ranar shiga da kuma wanda aka gayyata, tunda cinikin na 2020 da manyan 'yan jari aka ƙulla shi, ba a yi shelarsa ga kowa ba.

Akwai wasu ƙananan hanyoyin da kamfanin ya bi. A 2021 ya sayar wa kamfanin Nuance Pharma na birnin Shanghai izinin maganin a yankin ƙasar Sin a kan dala miliyan 40 na farko, wani ɓangare tsabar kuɗi wani kuma hannun jari, da alkawarin ƙari idan abubuwa suka tafi daidai. Wannan kamar manomi ne ya sayar da wani ɓangare na amfanin gonarsa tun yana tsaye domin ya samu kuɗin taki. Bashi mai yawa kuwa bai samu ba sai da nasara ta bayyana: a watan Mayu na 2024, saura 'yan makonni hukuma ta yanke hukunci, kamfanonin Oaktree da OMERS suka amince su ba shi har dala miliyan 650, wani ɓangare rance wani kuma a madadin kaso daga cinikin da zai yi.

Abin da gwajin ya nuna

Manyan gwaje-gwajen biyu na mataki na uku, masu suna ENHANCE-1 da ENHANCE-2, sun ƙunshi marasa lafiya fiye da 1,500. Sakamakon ɗaya ya fito a watan Agusta na 2022, ɗayan kuma a Disamba. Ma'aunin da aka sa shi ne yawan iskar da mutum ke iya hurowa a daƙiƙa ɗaya, kuma waɗanda suka sami maganin sun fi sauran da mililita 87 a gwaji ɗaya, 94 a ɗayan. Wannan kimanin cikin babban cokali shida ne, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya yi mamakin yadda cokali shida na iska ya zama dala miliyan dubu 10. Ga wanda huhunsa ya riga ya ƙuntata, ƙarin yana da amfani, ko da yake ba abin al'ajabi ba ne. Abin da ya fi jan hankalin likitoci da masu kuɗi shi ne tasowar ciwon ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a makonni 24, kuma masu barin maganin saboda illa ba su da yawa. Nan take bayan sakamakon na Agusta kamfanin ya sake sayar da hannun jari na kimanin dala miliyan 150, kamar yadda al'adar harkar take: ana neman kuɗi ne ranar da labari ya yi daɗi.

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukar tasu tana da tushe. Gwaje-gwajen ba su haɗa da waɗanda ke shan magunguna biyu masu buɗe hanyar iska a lokaci ɗaya ba, alhali su ne waɗanda likita zai fi so ya ƙara musu wani abu. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen kuma, bambancin da aka gani wajen jin daɗin rayuwar majinyaci bai kai yadda za a tabbatar da shi a lissafi ba. Duk da haka, a ranar 26 ga watan Yuni na 2024 hukumar FDA ta ba da izini, maganin ya fito da sunan kasuwa Ohtuvayre, a matsayin maganin shaƙa na farko mai sabuwar hanyar aiki da aka samu domin wannan cuta cikin fiye da shekaru 20.

Kamfanin ya sa masa farashin dala 2,950 a wata, fiye da dala 35,000 ke nan a shekara. Wata cibiya mai zaman kanta a Amurka da ke auna amfanin magani da tsadarsa, ICER, ta ce a lissafinta farashin da ya dace yana tsakanin dala 7,500 da 12,700 a shekara. Babu dokar da ta tilasta wa kamfanin bin wannan shawara, bai kuma bi ba. Da yawa daga cikin masu cutar a Amurka tsofaffi ne da shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ke ɗaukar nauyinsu, saboda haka kaso mafi girma ba daga aljihun majinyaci yake fita ba. Cinikin ya kai kimanin dala miliyan 42 a watannin ƙarshe na 2024, sa'an nan dala miliyan 71 a watanni uku na farkon 2025. Amma ko a 2024 ɗin kamfanin asara ya yi, ta fiye da dala miliyan 170, saboda ɗaukar 'yan talla masu zagaya asibitoci da sauran hidimar shiga kasuwa.

A ganina a nan ne ainihin darajar irin wannan kamfani take. Ana auna ta ne da yawan marasa lafiyar da ke ƙasar da za ta biya farashi mai tsada, da shekarun da suka rage kafin wasu su samu ikon kwaikwayon maganin. Haƙƙin mallaka shekaru 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda, kuma agogon yana tafiya tun maganin yana ɗakin gwaji. Takardar asali ta sinadarin ensifentrine ta ƙare tun kafin ya shiga kasuwa. Abin da ke kare shi su ne takardun da aka samu daga baya a kan siffarsa da yadda ake haɗa ruwansa, waɗanda ke kaiwa zuwa cikin shekarun 2030. Duk jinkirin shekara ɗaya a gwaji, shekara ɗaya ce ta ciniki aka rasa.

Shi ma mai sayen, agogo ne ke korarsa. Maganin sankara na Merck mai suna Keytruda ya kawo masa dala miliyan 29,500 a 2024, kusan rabin cinikinsa gaba ɗaya, kuma babban haƙƙin mallakarsa a Amurka zai fara ƙarewa a 2028. Kamfanin da ke ganin wannan rami a gabansa ya fi son ya biya tsada ya sayi maganin da ya riga ya haye gwaji, a kan ya jira nasa ɗakin binciken. Wasu kuma sukan sayi abu tun yana ɗanye domin ya yi musu araha, kamar yadda GSK ya yi a farkon 2024, lokacin da ya biya dala miliyan 1,000, da alkawarin ƙarin miliyan 400, ya sayi Aiolos Bio, kamfanin da maganinsa na asma bai ma shiga mataki na biyu ba. Ta haka aiki ya rabu: ƙananan kamfanoni da masu zuba musu jari su ɗauki kasadar, manya su zo su zaɓi waɗanda suka tsira.

Waɗanda ba su tsira ba sun fi yawa, kuma ba a cika ba da labarinsu ba. A watan Yuni na 2023 maganin da kamfanin FibroGen na Amurka ke gwadawa domin cutar taurin huhu ya faɗi a mataki na uku, hannun jarinsa ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na darajarsa a rana ɗaya. A farkon 2025 kamfanin Pliant Therapeutics ya dakatar da babban gwajinsa na wannan cutar bayan kwamitin sa ido ya lura da illa a jikin waɗanda ke shan maganin, bayan 'yan watanni kuma ya sallami kusan rabin ma'aikatansa. Dukkansu suna da ƙwararrun masana da manyan masu zuba jari, kuma sakamakon gwajinsu na baya ya yi kyau a ido.

Don haka wanda ya ga sunan irin wannan kamfani a wayarsa, kada ya nemi riba a rahotonsa na wata uku-uku, domin babu ita. Ya duba kuɗin da ya rage a asusu, ya raba shi da abin da ake kashewa a kowane wata uku, zai ga watannin da suka rage wa kamfanin. Su kansu kamfanonin sukan faɗi lokacin da suke sa ran kuɗin zai ƙare. Idan zai ƙare kafin ranar fitar sakamakon gwaji, to ƙarin ruwa a kunu yana tafe, kuma da wuya a yi shi a farashin da zai faranta wa tsohon mai jari rai. Manyan masu wannan harka sukan rarraba kuɗinsu a kamfanoni da dama, da sanin cewa yawancinsu za su mutu, ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Mai ƙaramin jari da ya zuba duka a kamfani ɗaya ba shi da wannan kariya.

Saura batun waɗanda cutar ta fi kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda COPD ke kashewa kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. A canjin kusan naira 1,500 kan dala ɗaya da aka yi ta gani a 2025, farashin Ohtuvayre na wata guda ya haura naira miliyan 4, wato albashin fiye da shekaru biyar na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Matar da ta shafe shekaru 30 tana hura wutar itace ba ta cikin lissafin da ya kai kamfanin ga dala 107 kan kowace takarda. A kasuwarmu har tsohon maganin Sir David Jack na 1969 sai da ya yi wuyar samu: bayan GSK ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya ya miƙa rarraba kayansa ga wasu, kuma darajar naira ta faɗi a daidai lokacin, farashin gwangwanin Ventolin a shagunan magani ya ninka sau da dama cikin 'yan watanni.